Ɗari, 125 ko 150: Wane Inji Ya Dace da Mashin ɗin Farko a Ƙasar Mubi?

Duk wanda ya tara kuɗin sayen mashin a karon farko, tambayar da ke fara tarbarsa a shagon dillali ita ce: ɗari kake so, ko 125, ko 150? Akasarin masu saye ba su da amsa tasu ta kansu. Wani abokinsa ne ya ce masa babba ya fi. Wani abin da ke aljihunsa ne ya yanke masa hukunci. Wani kuwa ƙarar salansa da ƙyallin tanki ne suka ja shi. Sai bayan wata biyu ko uku ake gane inda aka kuskure: wannan ya sayi injin da ya fi ƙarfin hannunsa, wancan ya sayi injin da aikinsa ya fi ƙarfinsa.

A Mubi tambayar ta fi nauyi fiye da yadda take a garuruwan da ke shimfiɗe. Garin yana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa shi, iyakar Kamaru kuma tana nan kusa. Mutum zai iya tashi daga kwaltar cikin gari da safe, kafin hantsi ya tsinci kansa a kan hawa mai tsakuwa, ya gangara cikin yashi, in damina ce ya kutsa taɓo. Ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin Lokuwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da manomin da ke sauko da buhun masara daga Kwaja, da ma'aikacin lafiyar da ke zagaya ƙauyukan Maiha, duka mashin suke buƙata, amma ba inji ɗaya ba. Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake: injin da ya dace da mai farawa shi ne mafi ƙanƙanta da zai iya aikinsa na kullum ba tare da ya wahala ba. Abin da ya rage shi ne a gane yadda ake auna wannan.

Abin da lambar take nufi

A cikin kowane injin mashin akwai tukunyar ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a cikinta. In fistin ya sauka sai ya zuƙo iska da fetur, in ya hau sai ya matse su, fulogi ya kyasta wuta, ƙarfin konewar ya sake tura shi ƙasa, daga nan ya hau ya fitar da hayaƙi ta salansa. Wannan turin ne ke bi ta giya da sarƙa ya juya tayar baya. Lambar da ake rubutawa a jikin mashin, 100 ko 125 ko 150, ita ce faɗin wurin da fistin ke sharewa daga sama zuwa ƙasa, ana kuma auna shi da cc. Cc 1,000 shi ne lita ɗaya. Ke nan injin 125 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ledar fiya-wata ba. Wannan ɗan wuri ne ke ɗaukar magidanci da iyalinsa zuwa kasuwa.

Gwargwadon faɗin wurin, gwargwadon abin da inji ke ƙonawa a kowane bugu, saboda haka gwargwadon ƙarfin jansa da shan mansa. Injin ɗari irin na mashinan haya yana ba da ƙarfin doki 8 ko kusa da haka, na 150 kuma wajen doki 12. Bambancin doki huɗu kamar ba wani abu ba ne a takarda, amma ƙarin rabin ƙarfi ne cur, kuma a kan hawa da goyo ake jin sa.

Sai dai lambar ba ta faɗin komai. Da farko, kamfanoni kan cike ta ne kawai: Boxer ɗin da ake kira 150, ainihin injinsa cc 145 ne ko ƙasa kaɗan. Na biyu, inji biyu masu lamba ɗaya na iya bambanta a hali. An ƙera wani don ya yi ja tun daga ƙasa, ya tashi da lodi ba tare da an murɗe totur ba, wani kuma sai ya ɗau zafi ya yi ƙara sannan ƙarfinsa ke fitowa. Mai bin duwatsu na farkon yake buƙata. Na uku, tsofaffin injunan nan masu hayaƙi, irin su Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da ya kwaikwaye shi, suna kyasta wuta ne a kowane zagaye, suna kuma ƙona baƙin mai tare da fetur. Shi ya sa suke da zafin tashi fiye da lambarsu, shi ya sa kuma suke shan mai. Wanda ya san ɗari ta bakin Jincheng kada ya ɗauka ɗarin Boxer ko TVS halinsu ɗaya.

Abin da ke kasuwarmu

Mashinan da ake samu a kasuwannin Arewa za a iya kasa su gida huɗu. Akwai roba-roba, masu inji 100 zuwa 110, marasa nauyi, waɗanda galibi ba a matsa musu kuloci da hannu. Akwai mashinan aiki masu inji 100 zuwa 110, irin su Bajaj Boxer da TVS HLX daga Indiya, waɗanda suka karɓe harkar acaba daga hannun mashinan Caina na shekarun baya. Akwai na tsakiya, 125, da Honda da Haojue da TVS da sauransu ke yi. Sai 150, wanda shi ne babba a cikin mashinan aiki. Abin da ya wuce nan, daga 200 zuwa sama, wata duniya ce daban, zan zo kansa.

Ba banza ba ne aka tsaya a wannan tsakanin. A 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da Super Cub mai inji kusan cc 50 kacal, kakan roba-roban da muke gani yau, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Babu abin hawa mai inji da ya kai shi yawa a tarihi. A 1974 kuma kamfanin ya tura injiniyoyinsa su zagaya wasu ƙasashen Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da mashin. Suka tarar ana yi masa lodin da ya wuce kima, ba a canza baƙin mai sai ya zama kwalta, matatar iska ta toshe da ƙura. Sakamakon wannan zagaye shi ne CG125 da ya fito a 1975, inji mai sauƙin gyara da jure wulaƙanci, wanda har yau kamfanonin Caina da yawa ke kwaikwayon ƙirarsa. Da suka ga aiki mai tsanani ba su ƙara wa injin girma ba, juriya suka ƙara masa.

Tambaya ta farko: wace hanya?

Mai saye ya fara kwatanta hanyar da zai bi kwana shida cikin bakwai, ba wadda zai bi sau ɗaya a shekara ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Mutum duk harkarsa tsakanin Sabon Layi, Kolere da babbar kasuwa take, amma sai ya ce ai wata rana zai so ya je Yola. Yola tafiyar kusan kilomita 200 ce ta Mararraba, Hong, Gombi da Song, cikin manyan motoci, kuma ba tafiyar sabon hannu ba ce ko da wane inji yake da shi. Bai dace a sayi mashin saboda tafiyar da motar haya za ta yi wa mutum cikin kwanciyar hankali ba.

A cikin gari, inda keke-napep da masu tura baro da yara 'yan makaranta ke raba hanya, da wuya a wuce gudun kilomita 40 a awa. Injin 100 ko 110 ya isa ya yi yawa. Rashin nauyinsa ma riba ne wajen juyawa a lungu da shigar da shi zaure da dare.

In hanyar ta hawa ce, lissafi ya canza. Mashin ɗari da mahayi ɗaya zai hau yawancin tudun da mota ke hawa, in an san giyar da za a sa. Amma da goyo da kaya sai ya koma giya ɗaya, injin na kuka, gudun bai fi na mai tafiya da ƙafa ba. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, to a daidai lokacin da suka fi yin zafi, a lokacin ne iskar da ke dukansu ta fi ƙaranci. Ga kuma wani abin da ba a cika sani ba: iska na raguwa da kauri in ana hawa sama, inji kan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Duwatsun Mandara a wasu wurare sun haura mita 1,000. Injin da dama yake kan iyakar ƙarfinsa a ƙasa, a can sama zai ƙara gazawa. Wanda gidansa ko gonarsa ke wajen Kwaja, Mijilu ko Muchalla, kuma ya san da wuya ya hau shi kaɗai, 125 ne mafi ƙarancin abin da zai duba.

A kan yashi da taɓo kuwa ba ƙarfi ke ceton mutum ba. Taya mai ƙwarin haƙora, tsayin ciki daga ƙasa, da rashin nauyi su ne magani. Inji mai ƙarfi a hannun wanda bai iya lallaɓa totur ba sai ya sa tayar baya ta yi ta wulwulawa tana haƙa rami. In mashin ya kafe a tsakiyar rafi, mai shi ne zai sauka ya tura, a nan ne kowane kilo ke zama abin lissafi. A nan ma roba-roba ke nuna rauninta: ƙafafunta sirara ne, robobin jikinta na fashewa a gargada, tankinta kuma bai fi lita 4 ba, alhali na mashinan aiki kan kai lita 10 ko 11. Ga mai shiga ƙauyukan da babu gidan mai sai 'yan bumburutu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Tambaya ta biyu: wane lodi?

A tsaya bakin hanya ranar kasuwar shanu a ga abin da mashin ke ɗauka. Buhun masara biyu an gicciye su a baya an ɗaure da roba, mahayin ya matso har kan tanki, gwiwoyinsa na taɓa kan mashin. Wani akuya biyu a cikin kwando, wani jarkoki shida, wani mutum uku da ƙunshin kaya. Shakazoba ta danne har ƙarshe, tayar baya ta baje, tayar gaba kuma da ƙyar take taɓa ƙasa. Buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa nauyin mashin ɗin kansa. Biyu tare da mahayi sun wuce abin da kowane kamfani ya ƙera mashin 100 ko 150 ya ɗauka.

A nan akwai gaskiya biyu, dole a faɗe su tare. Ta farko, wanda ya san lodi ne sana'arsa kada ya sayi ɗari don araha. Araha ba ta ado. Kuloci zai riƙa ƙonewa, sarƙa na miƙewa, ringi na cinyewa, kafin shekara ta zagayo a sauke inji. A rumfar bakanike ana gane irin wannan mashin tun kafin a kwance shi: shuɗin hayaƙi a salansa, fulogi baƙi ƙirin yana naso, baƙin mai ya tsinke kamar ruwa yana warin ƙuna. In an buɗe sai a ga jikin fistin ya yi zane-zane. Ba tsufa ba ne, wahala ce.

Ta biyu, ƙarin inji ba ya ƙara birki. Mashin 150 zai ja buhu biyu ya hau tudu, amma a gangara birkinsa da tayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na ɗari. Yawancin mashinan aiki birkin ganga ne da su gaba da baya, wanda in ya yi zafi a doguwar gangara kamunsa ke raguwa. Mutane na tambayar ko zai iya hawa, ba sa tambayar ko zai iya tsayawa, alhali hatsarin a saukowa ya fi yawa. Sabon hannu kuwa ba shi da hurumin lodi sam, sai ya yi watanni yana hawa shi kaɗai, sannan da goyo, sannan da kaya kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma wata dabara da ƙwararrun bakanikai suka sani. In mashin yana gazawa a hawa kaɗan ne kawai, ana iya sauya farantin haƙoran baya da sarƙa ke hawa, a sa mai ɗan girma. Gudun ƙarshe zai ragu, ja zai ƙaru. Ga mai bin duwatsu wannan ciniki ne mai kyau, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar bambancin farashin 125 da 150 ba.

Tambaya ta uku: wane hannu?

Wannan ce tambayar da ba a son ji, domin babu saurayin da zai yarda hannunsa bai nuna ba. Amma iya tafiya da mashin daban, iya tsayar da shi a lokacin firgici daban. Sabon mahayi in yaro ko tunkiya ta faɗo masa, abu biyu yakan yi ba da saninsa ba: ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, ko jikinsa ya ja baya hannunsa ya ƙara murɗa totur. A kan ƙaramin inji wannan kuskure kan ƙare da ƙujewar gwiwa da fashewar madubi. A kan babba yakan ƙare a asibiti. Ƙaramin inji yana ba wa mai koyo sararin yin kuskure ya tashi ya gyara, wannan kuwa shi ne babban abin da mai koyo ke buƙata.

Lissafin gudu ba ya tausayi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin hannunsa ya kai ga birki. In gudu ya ninka, tazarar da ake buƙata a tsaya ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara hatsarin mutuwa da kashi 4.

Saboda haka ne ƙasashen Turai suka mayar da girman inji matakala. A Tarayyar Turai lasin farko na babur bai wuce cc 125 da ƙarfin doki kusan 15 ba. Daga nan sai na tsakiya, mai iyakar doki kusan 47. Ba a sakar wa mutum kowane irin inji sai ya yi shekara biyu a matakin tsakiya ko ya kai shekara 24. A Ingila ma mai koyo 125 ne iyakarsa. A Nijeriya lasin rukunin A guda ɗaya ne ga babur, ba a raba shi bisa girman inji ba. Tun da doka ba ta gina mana matakalar ba, ya rage ga mai saye, da uban da ke saya wa ɗansa, su gina wa kansu.

Jiki ma yana da nasa hukunci. Kafin a biya kuɗi, mai saye ya hau mashin ɗin yana tsaye, ya ga ko ƙafafunsa biyu na taka ƙasa sosai. Ya sauka ya tura shi gaba da baya, ya juya shi a ƙuntataccen wuri, ya ɗora shi a kan ƙafar tsakiya. Ya karkata shi ya ji ko zai iya dawo da shi. Mashin ɗari kan kai kilo 105 zuwa 115, na 150 ya ɗara 120. Wanda ya sha wuya a filin shago, a kan tudu mai tsakuwa abin zai fi haka. Dattijo, ko mace ma'aikaciya, ko matashi marar jiki, babu abin kunya a roba-roba. Rashin kuloci na hannu yana rage wa mai koyo abu ɗaya cikin abubuwan da ke raba masa hankali, ya samu ya zuba wa hanya ido.

Tambaya ta huɗu: aljihu da bakanike

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta taɓa 1,000. Shan mai ya zama abin da ake tambaya kafin launi. To amma a yi lissafin da kyau. A ƙaddara mashin ɗari na cin kilomita 55 da lita ɗaya, na 150 kuma 45. Wanda ke yin kilomita 100 a rana, kamar ɗan haya, bambancin zai kai lita 12 a wata. Wannan kuɗi ne na gaske. Ɗalibi ko malamin makaranta mai kilomita 15 a rana kuwa bambancinsa bai kai lita 2 a wata ba. Ke nan tsimin mai hujja ce babba ga mai doguwar zirga-zirga a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙarama ce ga mai gajeriyar tafiya. A kan hawa da lodi ma lissafin na iya juyewa, domin ƙaramin injin da aka shaƙe wa totur a giya ɗaya zai iya shan abin da babba ke sha yana tafiya a natse a giya biyu.

Abin da ya fi mai muhimmanci shi ne gyara. Mashin ɗin da ya dace shi ne wanda bakaniken unguwarku ya san cikinsa, wanda kuma za a samu fulogi, wayar kuloci, takalmin birki da sarƙarsa a shagunan Mubi, ko ma a Gella ko Uba ranar kasuwa, ba sai an aika Kano ko Nnewi ba. Kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin bakanike, domin dillali sayarwa yake yi sau ɗaya, bakanike kuwa shi zai zauna da mashin ɗin shekara da shekaru. A ce masa, "Malam, ga hanyata, ga abin da nake ɗauka, wanne ne ba ya yawan dawo maka?" Amsarsa ta fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali. A kuma dubi ranar sayarwa: mashin ɗin da kowa ya sani ba ya kwana a kasuwa, baƙon samfuri kuwa sai an karya shi.

Manyan injuna fa?

Akwai samarin da idonsu ke kan manyan baburan tsere masu cc 400, 600 ko 1,000. Mai 600 na tsere yana da ƙarfin doki sama da 100, fiye da ƙananan motoci da yawa, nauyinsa kuma ya kusa kilo 200. An ƙera shi ne don kwalta mai santsi marar rami. Cikinsa ƙasa-ƙasa yake, tayoyinsa ba su san yashi ba, injinsa na son mai tsabtatacce, gyaransa na son na'ura da kayan da sai an yi odarsu. A matsayin mashin farko, a kan hanyoyinmu, ba na ganin wata hujja da za ta halatta shi. Uban da ya saya wa ɗan shekara 18 irin wannan don nuna ƙauna, ya sake tunani tun kafin a kawo shi gida.

Ko masu aikin da ya fi na kowa wahalar hanya ba sa zuwa can. Baburan da ma'aikatan lafiya da malaman gona suka daɗe suna shiga daji da su a ƙasashen Afirka, irin su Yamaha AG100 da AG200 da DT125, duk tsakanin 100 da 200 suke. Abin da ya bambanta su shi ne tsayin ƙafa, doguwar shakazoba, da giyar da aka tsara don ja.

Na hannu, takardu da doka

Da yawa mashin ɗin farko na hannu ne, kuma babu laifi, domin mashin farko ba ya rasa faɗuwa. Amma a nan lambar jiki ta fi yaudara: gajiyayyen 150 bai kai lafiyayyen ɗari ba. A je da bakanike. A nemi a tayar da injin yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama ba. A dubi hayaƙi, a saurari ƙwanƙwasa, a hau da goyo a gwada shi a kan tudu. A tabbatar lambar inji da ta shasi sun yi daidai da rasit da takardu, musamman a garin iyaka inda mashin ke shigowa daga wurare da dama. In sabo ne kuma, a lallaɓa shi a kilomitocin farko, a canza baƙin mai a kan lokacin da littafinsa ya faɗa.

Sai doka. Matsalar tsaro ta sa babur ya sha takunkumi a Arewa: Maiduguri ta hana shi a 2011, Kano ta hana acaba a Janairun 2013. Mubi, wadda ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 aka ƙwato ta a Nuwamba, ta ɗanɗani nata rabon na dokokin taƙaita hawa. Irin waɗannan dokoki na sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, daga ƙaramar hukuma zuwa wata, saboda haka mai saye ya bincika abin da ke aiki a inda zai riƙa bi kafin ya fitar da kuɗinsa. Ya yi lamba, ya yi lasin. Hular kwano kuma, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa a ranar 1 ga Janairun 2009, a sa kuɗinta cikin kuɗin mashin tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ingantacciyar hula da aka ɗaura daidai tana rage hatsarin mutuwa fiye da ninki shida. Wanda kuɗinsa ya isa 150 babu hula, ko 125 da hula mai kyau da takardu, na biyun ne ya yi ciniki.

Inda aka kwana

In an haɗa tambayoyin nan huɗu, amsa ba ta da wuyar fitowa. Mai harkar cikin gari, ɗalibi, malami, ma'aikacin ofis, ɗan kasuwar da ke zuwa shago ya dawo, 100 ko 110 ya ishe shi, roba-roba ko mashin aiki, gwargwadon jikinsa da yanayin unguwarsa. Wanda rayuwarsa ta rabu tsakanin gari da ƙauye, yana goyon iyali, yana hawa tudu a kai a kai, 125 ne ya fi dacewa da shi, kuma ina ganin nan ne mafi yawan magidantan ƙasar Mubi suka faɗo. Shi kuwa 150 na wanda lodi da hawa suka zama sana'arsa ne, da sharaɗin ya fara koyo a kan ƙarami, ko da na aro ne, har hannunsa ya faɗa. Abin da ya haura haka ba mashin farko ba ne.

Wasu za su ce ai in ka sayi ƙarami, shekara ɗaya za ka raina shi. Ko da hakan ta faru, asarar kaɗan ce: a sayar, a cika kuɗi, a sayi na gaba, an kuma tafi da ƙwarewar da ba a sayen ta a shago. Wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa kuwa, asararsa na iya zama wadda ba a mayarwa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ina roƙon dillalai su riƙa tambayar mai saye hanyarsa da lodinsa kafin su nuna masa mai tsada, bakanikai su faɗi gaskiya ko da ba ita ake son ji ba, iyaye kuma su tuna cewa ɗan da suka saya wa mashin so suke ya fita da safe ya dawo da yamma, yau da gobe, har ya girma ya saya wa nasa ɗan.